Fatar da Ba Ta Taɓa Zuwa Maroko Ba

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, ina aikin buga takardu a wani shago kusa da babbar kasuwar Gusau. Mai shagon wata mata ce 'yar kudu da ta tashi a Zariya, kowa Madam yake ce mata, har mijinta. Hausa a bakinta tsaf, amma irin ta can, ba irin tamu ba. Gari ya cika da sababbin ma'aikata, kowa da takardar da yake so a buga masa yanzu-yanzu, don haka daga safe har la'asar yatsuna ba sa hutawa. Da tafireta na fara. Da ta sayo kwamfuta na koya a kanta ina ɗari-ɗari, kada in danna wani abu ta ƙone a ce ni ce.

Bayan damina ƙanen Madam ya zo daga Legas da wani ɗan akwati, ya haɗa shi da kwamfutar da layin wayar shagon. Ya ce wannan shi zai kai mu intanet. Lokacin kalmar yanar gizo ba ta zauna a bakinmu ba tukuna. In an kunna, sai akwatin ya kira wata lamba mai nisa, ya yi ta tsuwa da ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan ya yi tsit. Wannan tsit ɗin shi ne an shiga. Layin ya fi kamawa da sassafe kafin ofisoshi su buɗe, shi ya sa na koma zuwa aiki tun masu ƙosai ba su sauke kaskon farko ba.

Ƙanen Madam ya buɗe mini wani shafi mai ɗan gurbi a tsakiya, ya ce injin bincike ke nan, in rubuta duk abin da nake so in sani. Na rasa abin rubutawa, sai na rubuta Gusau. Muka jira. Can sai ga layuka sun fito, ba yawa, wani ya ambaci tashar jirgin ƙasa, wani ya ambaci auduga. Mutanen da ba su taɓa shan ruwan garin nan ba sun rubuta sunansa a wata ƙasa, kuma wani abu da ba ya barci ya tsinto mini shi kafin shayina ya huce. Wallahi tashi na yi daga kan kujerar. Har yau ban ga abin da ya sake ba ni tsoro da daɗi a lokaci guda irin na wannan safiyar ba.

Kwana bakwai ya yi ya koma, ya bar mana wasu takardu da ya yi fotokwafi, masu bayanin yadda ake gina shafi da yadda ake sa injin bincike ya same shi. Madam ta jefa su a durowa. Ni na ɗauke su, domin ina da abin da nake so duniya ta gani.

Babana majemi ne a Bungudu. A bayan gidanmu akwai manyan tukwane bakwai binne a ƙasa har wuya, kakansa ne ya binne su. A ciki ake jiƙa fatar akuya da ruwan toka har gashin ya saki, a kankare, a mai da ita ruwan bagaruwa ta kwana ta wuni har ta jemu, a shafe ta da man gyaɗa, sannan a rina ta ja da karan dafi. Warin jima ba ya barin mutum. A firamare na yi dambe da yara ba adadi saboda sun toshe hanci da na wuce, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Amma in Baba ya gama fata ya miƙa maka, laushinta sai ka ji kamar ka sa a kumatu.

A shekarun nan sana'ar ta soma mutuwa a tsaye. Dillalai suna kwashe ɗanyun fatu zuwa masana'antun Kano, dukawan da ke saye a wurinsa sun koma ɗinka roba mai ƙyalli, ƙannena biyu sun ce su kabu-kabu za su yi. Wata Juma'a da na je gaishe shi, ya gaya mini ba tare da ya kalle ni ba cewa bayan Layya zai tone tukwanen, ya baje wurin, ya shuka kuɓewa. Ya ce ba zai ci gaba da jeme abin da ba mai tambaya ba. Baba ba ya faɗin magana sau biyu, kuma watannin da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Na ce masa zan sa fatarsa a intanet. Ya tambaye ni ko kasuwa ce, na ce kusan haka.

"Wace rana ta ka ci, Inna?" Inna yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce kullum take ci, ba ta tashi. Ya ce kasuwar da ba ta tashi, ba ta mutane ba ce. Duk da haka ya shiga ɗaki ya fito mini da fata ɗaya, wadda ta fi kowace kyau, ya naɗe ta da kansa.

Ba mu da kyamara, don haka fatar kanta na shimfiɗa a kan gilashin injin ɗaukar hoton takardu na rufe. Hoton ya fito ja wur, har ƙananan ƙofofin gashi ana gani. Na yi mako biyu ina harhaɗa shafin, ina bin takardun nan layi-layi, Madam tana gyara mini Turanci tana mita cewa ina cinye mata layin waya. A saman shafin na rubuta da manyan baƙaƙe: Jar Fata ta Bungudu. Haka da Hausa, don haka sunanta yake. Da na ga shafin ya hau, na tabbata kafin azahar Turawa za su fara layi.

Ba wanda ya zo. A ƙasan shafin akwai ɗan ma'auni da ke nuna yawan waɗanda suka leƙo. Bayan kwana goma ya nuna goma sha ɗaya, na yi murna har na kira Madam, ita kuwa ta tambaye ni sau nawa ni kaina na buɗe shi. Na ƙirga a zuciyata, ashe duk ni ce.

Na koma kan takardun, na ga ashe ɗora shafi daban, a same shi daban. Sai ka je wurin kowane injin bincike ka cike fom, ka ba shi adireshin shafinka, sannan ka jira ya aiko wani abu da suke kira gizo-gizo, wanda ke yawo daga shafi zuwa shafi yana karantawa yana kai rahoto. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ina cikin motar Bungudu, an matse ni tsakanin buhu da wata mai goyo, sai in tuna cewa a daidai wannan lokaci wata halitta marar jiki tana tafe ta cikin wayoyi, ta ƙarƙashin teku, kuma wata rana za ta tsaya a kan fatar Baba ta karanta. Na cike fom ɗin duk injunan da na sani. Sati huɗu na jira, ranar da na rubuta jar fata shafinmu ya fito na farko, na yi guɗa a shagon mutane.

Ma'aunin kuwa bai motsa ba. Mu ne na farko, amma a layin da ba kowa.

A nan ne na yi abin kunya. A bayan takardun an rubuta wata dabara da biro: ka cika ƙasan shafi da kalmomin da mutane suka fi nema, ka mai da launinsu fari a kan fari, mutum ba zai gani ba amma gizo-gizon zai gani. Na zuba su ba tausayi, takalmi, jaka, zinariya, mota, har da ƙwallon ƙafa. Na je Bungudu ina ta fankama, na ba Baba labarin wayona. Yana kankare fata a kan gungume, bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko muna da zinariya, na ce a'a. Ya ce ya san masu liƙe hudar wuƙa da ƙullu su shafa launi a kai, fata ta yi kyau a kasuwa, ta buɗe a hannun baduku. Ya ce sunan wannan algus, ko a kasuwar mutane ko a ta aljannu, kuma in ba zan goge ba in maido masa da fatarsa. Na ji haushi sosai, don na san gaskiya ya faɗa. Washegari na goge su tas. Daga baya na karanta cewa injunan kan jefar da shafin da suka kama da irin wannan, amma ni ba su suka kama ni ba.

Azumi ya wuce, ƙaramar Salla ta wuce. Na daina yi wa Baba maganar shafin, shi ma bai tambaya ba. Na ga ya fara rabar da wuƙaƙen kankara ga abokansa.

Wata ranar kasuwar Tsafe Madam ta ce in raka ta, tana son sayen kayan miya masu yawa don wani taron cocinsu. Muka tsaya gaban wata tsohuwa da ke zaune kusa da ɗaurarren buhu. Madam ta gaishe ta da kyau ta tambaya ko tana da busasshiyar yakuwa. Tsohuwar ta ce babu. Madam ta juya za ta wuce, ni kuwa hancina ya riga ya gaya mini abin da ke cikin buhun. Na ce, Inna, wannan fa? Ta ce ai wannan sure ne. Na kwance bakin buhun, Madam ta leƙa ta ce to ai shi take nema. Suka kalli juna, kowace tana ganin wautar 'yar'uwarta. Abin da Zariya ke kira yakuwa shi muke kira sure, ga mai kaya ga mai so, taku ɗaya tsakaninsu, kuma da sun rabu ba ciniki.

A motar komawa abin ya faɗo mini. Wata huɗu ina zaune a kan buhuna ina cewa jar fata, jar fata, ban taɓa tambayar kaina da wane suna mai nema yake nema ba.

Da sassafe na zauna gaban kwamfutar, na bar zama 'yar majemi na zama mai saye. Wa ke son fatar akuya mai laushi a ƙasashen nan? Na gwada masu takalma, na gwada masu jaka, ban ga komai ba. Sai na tuna da gafakar Alƙur'anin Baba, na rubuta da Turanci: fatar akuya ta bangon littafi. Shafuka suka zubo. Ashe akwai mutane a duniya da ba su da sana'a sai yi wa tsofaffin littattafai bango. Na buɗe ɗaya mai hoton wani tsohon littafi. A lokacin hoto daga sama yake saukowa, layi bayan layi, sai ka yi haƙuri. Ja ya fara bayyana. Ya sauko kaɗan, na ga ƙwayar fatar, 'yan tsakuwoyin nan ƙanana da ba akuyar da ke da su sai jar akuyarmu. Littafin ya girmi kakan Baba, yana ajiye a wata ƙasa mai ƙanƙara, kuma na san warin wurin da bangonsa ya fito.

A ƙarƙashin hoton an rubuta: fatar Maroko. Shafi na biyu ma haka, na uku ma haka. Wani daga cikinsu ya yi bayani cewa tun zamanin ayari ake ɗaukar irin wannan fata daga ƙasarmu a ƙetare hamada da ita, Turawa su saye ta a tashoshin jiragen ruwan can, sai suka sa mata sunan inda suka same ta. Duniya ba ta manta da fatar Baba ba, nemanta ma take yi, da sunan wasu.

Ban taɓa shafin ba sai da na je Bungudu, don na koyi hankali. Na zayyana wa Baba komai, na ce in muna so a same mu sai mun sa wannan suna a sama. Fuskarsa ta canza.

"Ni ban taɓa zuwa Maroko ba. Akuyar ma ba ta taɓa zuwa ba. Jiya kin zo da algus, yau kin zo da ƙarya."

Na ce ba ƙarya zan yi ba. Na ba shi labarin tsohuwar Tsafe da buhunta. Ya ce tsohuwar ta fi ni gaskiya, ita ba ta sauya wa kayanta suna ba. Raina ya ɓaci, na ce masa to ita ma da ta koma gida da buhunta, kamar yadda shi zai koma shuka kuɓewa. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Mahaifiyata da ke tankaɗe a tsakar gida ta tsaya cak. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya daɗe yana murza gefen wata fata da babban yatsa. Sannan ya ce in baƙo ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama da sunan da ba naka ba, kana iya amsa masa don kada rana ta dafa shi, amma da ya shigo zaure sai ka gaya masa ko kai wane ne. Ya ce in amsa a bakin ƙofa kawai, kada sunan nan ya wuce zaure.

Haka na yi. Na mai da kan shafin ya zama: Fatar da kuke kira ta Maroko, a Bungudu ake jeme ta. Daga nan zuwa ƙasa ban sake ambaton sunan ba. Na rubuta yadda ake yi da toka da bagaruwa da karan dafi, da kalmomin da na ga masu bangon littafi suna amfani da su, na faɗi cewa mutum ɗaya ne ya rage yana yi a gidanmu. Takardun sun ce injin ya fi yarda da shafin da wani sananne ya nuna, kamar yadda baƙo a kasuwa ke samun shiga in mai masauki ya gabatar da shi. Don haka na aika wa masu shafuka uku saƙo ina roƙo su sa adireshinmu a nasu. Biyu ba su amsa ba, ɗaya ya sa. Na sake cike fom, na sake zaman jiran gizo-gizo, ina kallon kalanda.

Ma'aunin ya fara motsi ba da hannuna ba. Yau biyu, gobe babu, jibi huɗu. Kowane ɗaya mutum ne, a wani ɗaki da ba zan taɓa gani ba, yana kallon fatar da Baba ya naɗe mini. Amma leƙe kawai suke yi, ba mai magana. Layya ta zo, muka yi Salla, Baba bai karɓi fata ko ɗaya ba, duk wanda ya kawo sai ya tura shi wurin dillalai.

Kwana huɗu bayan Salla na buɗe shago na tarar da saƙo. Madam ta karanta shi tare da ni sau biyu don kada in yi kuskuren fahimta, sannan ta ce me nake jira. Na buga shi a takarda na nufi tasha.

Na tarar ya riga ya tone tukunya biyu. Suna kife a jikin katanga, ramukansu a buɗe, yana tsaye cikin na uku da magirbi, ƙasa har gwiwa. Na ce masa an yi sallama. Bai fito ba, ya dogara da magirbin ya ce in karanta.

Na fassara masa a hankali. Mutumin ya ce shi tsoho ne, shekarunsa duka a gyaran bangon littattafai ya yi su. Ya ce fatar masana'anta takan ruɓe ta zama gari, amma wadda aka jeme da 'ya'yan itacen nan tana daɗewa fiye da wanda ya ɗinka ta. Ya ce malaminsa ya bar masa guda shida, saura rabin ɗaya, kuma an gaya masa masu yin ta da hannu sun ƙare. Yana so a aiko masa da ko guda biyu ya gani. A ƙarshe ya yi tambaya, ya ce ya ga shafin amma bai yarda da idonsa ba: da gaske har yanzu kuna nan?

Baba ya share gumi da gefen hannu.

"Da wane suna yan neme mu?"

Na ce da na Maroko, haka ya rubuta a farkon saƙon. Ya gyaɗa kai, ya kalli ƙasa.

"To yanzu hwa, mi ya ka kiranta?"

Na duba takardar. A layin ƙarshe mutumin ya rubuta fatar Bungudu, har ya yi kuskuren harafi ɗaya. Na faɗa masa. Ya ce in nuna masa wurin. Baba ajami yake karantawa, bai san boko ba, amma na durƙusa a bakin ramin na nuna masa kalmar. Ya ɗora babban yatsansa a kanta ya danne, ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya ɗauke, jar ƙasar ramin ta bar shatin yatsan a kan takardar. Tana nan a wurina har yau.

Ba wani arziki ya biyo baya ba, kada in yi algus a nan ma. 'Yan fatu ne muke aikawa ta gidan waya lokaci-lokaci, ga wannan tsoho da wasu abokan sana'arsa. Amma ba a shuka kuɓewa a bayan gidanmu ba sai bayan ran Baba.

A ranar dai sai ya miƙo mini magirbin, ya dafa bakin ramin ya fito, ya tafi wurin tukwanen da ke kife. Ya ƙwala wa mahaifiyata kira ta duba ko akwai sauran bagaruwa a rumbu. Na ga ya rungumi tukunyar farko yana mirgino ta zuwa raminta, na tashi zan kama masa, ya ce in matsa kada in ɓata zanen Salla. Na tambaye shi me zan rubuta wa mutumin, don yana jiran amsa. Sai da ya daidaita gindin tukunyar, ya tura ƙasa da ƙafa ya take, sannan ya juyo yana haki.

"Ki ce mishi muna nan, Inna."